Littafin da Jarinsa Asiri Ne: Wanne Za a Saya, Wanne Za a Ara?

Shekarun baya na sayi wani littafin binciken kisan kai a hannun mai baza littattafan gwanjo a bakin titi. Bangonsa ya koɗe, takardunsa sun yi ja, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Kwana biyu ina manne da shi. A dare na uku, daidai inda mai binciken ya tara mutanen gida a falo zai faɗi wanda ya yi aika-aikar, sai na juya shafi na ci karo da bango. An yage takardu huɗu na ƙarshe. Raina ya ɓaci ƙwarai, na daɗe zaune da littafin a hannu. Da littafin tarihi ne ko na soyayya, rashin takardu huɗu naƙasa ce kawai, mutum ya lallaɓa da sauran. A wannan kuwa, abin da na biya kuɗi dominsa kacokan yana cikin takardun nan da suka ɓata.

Tun daga ranar nake kallon irin waɗannan littattafai da wani ido. Labarin gano mai laifi ɗan'uwan kacici-kacici ne. A dandali, idan aka ƙulla wa yaro ya kasa kwancewa, sai ya ba da gari a faɗa masa amsa, daga nan kuma ba mai sake ƙulla masa wannan, don ta riga ta mutu a wurinsa. Haka littafin nan yake: jarinsa asiri ne, asiri kuwa sau ɗaya ake jin sa. A ganina duk wata ɗabi'a ta masu karanta shi, yadda suke saye da yawa, yadda suke son araha, yadda suke musaya da aro, har da yadda suke kama bakinsu idan za su yaba wa aboki wani littafi, daga wannan tushe ta tsiro. Wanda ya gane haka zai san inda ya dace ya sa kuɗinsa.

Kafin a yi nisa, gara a bambanta, don ba kowane littafi mai gawa da bindiga ne ake nufi ba. Akwai labarin 'yan ta'adda da ɓarayi, inda ake bin mai laifin a ga yadda zai ƙare. Akwai labarin tsere da ba-ta-kashi, wanda ke sa zuciya dukan uku-uku. Wanda muke magana a kansa daban ne: an aikata laifi, ba a san wanda ya yi ba, ko ba a san yadda aka yi ba, marubuci kuma ya baza alamomi a gaban mai karatu ya ce ga fili ga mai doki. Gano gaskiya ta hanyar alama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk ɗan makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da yadda wurin da riga ta yage ya bayyana mai gaskiya, har malaman fiƙihu suka kafa hujja da hakan wajen aiki da alamomi a shari'a. Makiyayi kuma yakan dubi sawu ya faɗi ko saniyar da aka kora tana ɗingishi. A hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin tuffa uku, inda masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe aka ga gawar mace, Halifa Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya kashe ta. Sai dai a can gaskiya da ƙafarta ta zo, ba wazirin ne ya tono ta ba.

Wanda ya mayar da tonon kansa ya zama shi ne labarin, Edgar Allan Poe ne na Amurka, a gajeren labarinsa na 1841, The Murders in the Rue Morgue. Wilkie Collins ya faɗaɗa abin ya zama cikakken littafi da The Moonstone a 1868, labarin wani lu'ulu'u da aka ɗauko daga Indiya ya ɓace a wani gida a Ingila. Zuwa 1929 sana'ar ta kafu har wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya tsara mata dokoki goma. Ruhin dokokin guda ne: kada marubuci ya cuci mai karatu. Duk abin da mai bincike ya gani, a nuna wa mai karatu shi ma ya gani, kuma kada a ɗauko mai laifi daga sama a shafin ƙarshe. Wato amana ce tsakanin mutum biyu, ɗaya ya ƙulla, ɗaya ya kwance.

To, hajar da ake morar ta sau ɗaya dole ta yi araha, kuma dole a yi ta kawo sabuwa. Masu buga littattafai a Turai sun gane wannan da wuri. A 1848 kamfanin W. H. Smith ya buɗe rumfar sayar da jaridu da littattafai a tashar jirgin ƙasa ta Euston a Landan, aka samu sabon mai saye: matafiyi mai awa uku ko huɗu a zaune, yana neman abin da zai rage masa hanya. Arthur Conan Doyle ya fito da mai bincike Sherlock Holmes a 1887 cikin A Study in Scarlet, kuma fam 25 kacal aka biya shi ya sallama haƙƙin littafin. Kasuwarsa ba ta buɗe sosai ba sai a 1891, da ya fara ba mujallar Strand gajerun labarai. Dabarar da ya yi ita ce har yau take ciyar da wannan fanni: kowane labari cikakke ne, ya fara ya ƙare a fitowa ɗaya, amma jarumin bai canzawa. Asirin yana mutuwa kowane wata, mutumin da ake ƙauna yana nan. Da Doyle ya gaji ya kashe Holmes a 1893, masu karatu ba su bar shi ya huta ba, sai da ya fitar da The Hound of the Baskervilles a 1901 zuwa 1902, sannan ya dawo da shi da rai a 1903. A ƙarshe littattafai 4 da gajerun labarai 56 ya bari.

A 1935 Allen Lane ya kafa Penguin, yana sayar da littafi mai laushin bango a kan sisi, kuɗin kwalin taba a lokacin. Sisin nan dai da kakanninmu suka kashe a kasuwa, rabin sule. Cikin littattafai goma na farko, biyu na binciken kisa ne, ɗaya na Agatha Christie, ɗaya na Dorothy Sayers, aka kuma ware wa fannin koren bango domin mai saye ya hango shi daga nesa. Wannan batu na launi abin lura ne. A Italiya kamfanin Mondadori ya fara jerinsa da bango ruwan ɗorawa a 1929, har yau kuma Italiyawa da sunan launin suke kiran duk wani labarin bincike. A Faransa Gallimard ya fito da Série noire mai baƙin bango a 1945. Ma'anar wannan ita ce mai karatu ba littafi ɗaya yake nema ba, iri yake nema, kamar yadda mai cin goro ba ya tambayar sunan ƙwaya ɗaya, huhun da ya amince da shi yake komawa.

A Nijeriya ma an ga haka. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 sun san yadda littattafan James Hadley Chase suka riƙa yawo daga akwati zuwa akwati a ɗakunan kwanan ɗalibai har su rasa bango. Baturen Ingila ne, amma yawancin labaransa a Amurka ya kafa su, da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar 'yan titin can. Yawancinsu labaran mai laifi ne ba na ƙulli ba, amma su suka buɗe wa dubban matasa ƙofar karatu don nishaɗi. Sai jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan da ya fara a 1977, wanda ya ba marubutan Afirka fili, ciki har da 'yan Arewa: Mohammed Sule da The Undesirable Element, da Mohmed Tukur Garba da Stop Press: Murder! Ƙanana ne, masu araha, masu bango iri ɗaya, wanda ya karanta ɗaya sai ya nemi na gaba. Masu shagunan hayar littattafan Hausa a Kano da sauran garuruwa su ma sun san wannan sirri, haka marubutan da ke raba labari kashi na ɗaya, na biyu, na uku, su tsaya daidai inda rai ya rataya. Duk ƙishirwa ɗaya ake sayarwa.

Wannan ƙishirwa ce ke haifar da ɗabi'ar da duk mai yawan karatu zai gane a jikinsa. Yakan sayi littafi kafin ya gama na hannunsa, don tsoron daren da zai rufe wannan bai da na buɗewa. Idan ya kamu da son mai bincike ɗaya, sai ya ga kantarsa ba ta cika ba muddin akwai giɓi a jerin, ko da ya san na bakwai bai kai na uku ba. Japanawa har suna suka raɗa wa wannan tara littattafai ba tare da an karanta ba, suna ce masa tsundoku. Masu ɗab'i kuma suna ciyar da ɗabi'ar da gangan. Babban ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya ya shiga tono tsofaffin littattafan bincike da aka manta yana sake buga su da bango iri ɗaya mai hotunan tallan jirgin ƙasa na da. Ɗaya daga ciki, Mystery in White na J. Jefferson Farjeon, wanda aka fara bugawa a 1937, ya zama ruwan dare a kantunan Ingila a ƙarshen 2014, shekaru da dama bayan rasuwar marubucin. Labarin na da daɗi, amma bangon da jerin sun yi rabin cinikin. Ni ban ga laifin tara littattafai ba, gidan da yaro zai tashi ya ga kanta cike ya fi gidan da babu. Abin da nake jin zafinsa shi ne a kashe kuɗin littafi goma masu mutuwa a karatu ɗaya, a rasa na guda ɗaya mai rai.

A nan ne shawarata take, kuma ma'aunin da nake aiki da shi guda ne. Idan na rufe littafi, nakan tambayi kaina: yanzu da na san mai laifin, akwai sauran abin da zai dawo da ni? In babu, littafin aro ne ko na haya ko na musaya, a karanta a miƙa gaba, ba kuma raini ba ne, ya yi aikinsa. In akwai, wannan na saye ne, a rubuta suna a ciki, a adana shi daga gara da ɗanshi.

Agatha Christie ce ta fi dacewa a gwada ma'aunin a kanta, don ta rubuta littattafan bincike 66, kuma ba duka suka zama ɗaya ba. Ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti lokacin yaƙin duniya na ɗaya, shi ya sa guba ta yi yawa a labaranta kuma ba ta cika kuskure a kanta ba. Wanda bai taɓa karanta ta ba, ya fara da And Then There Were None na 1939: mutum goma, yawancinsu ba su san juna ba, aka tara a wani tsibiri, suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba hanyar fita, ba wani baƙo a tsibirin. Ban san littafin da ya fi shi hana barci ba, kuma Turancinsa mai sauƙi ne. Amma wanda nake cewa a saya a ajiye shi ne The Murder of Roger Ackroyd na 1926. Ba zan faɗi komai game da ƙullinsa ba, illa dai da ya fito an yi ta gardama ko ta yi wa mai karatu adalci. Hanyar yanke wannan gardama ɗaya ce, a koma shafin farko a sake karantawa. A karatu na biyu ne mutum zai ga ba ta yi masa ƙarya ko sau ɗaya ba, kowace jimla tana da fuska biyu, shi ne ya zaɓi wadda ya ga dama ya kalla. Daɗin karatu na biyun ya fi na farko, kamar mai kallon dambe da ya san wanda ya yi kisa, yanzu ya natsu yana kallon ƙafa.

Sai Five Little Pigs na 1942, wanda a wurina shi ne mafi zurfin aikinta. Wata budurwa ta zo wa mai bincike Hercule Poirot da roƙon ya binciki kisan mahaifinta da aka yi shekaru 16 baya, wanda aka ɗaure mahaifiyarta a kansa har ta mutu a kurkuku. Babu sawu, babu gawa, babu abin aunawa. Mutum biyar ne kawai da suka halarci ranar, kowa ya ba da labarin yini ɗaya yadda ya tuna shi. Duk wanda ya taɓa zama a sulhun rikicin gado ko na aure ya san wannan yanayi, inda kowa ke faɗin gaskiyarsa amma gaskiyoyin ba su haɗuwa. Littafin ba ya mutuwa da sanin amsa, domin batunsa yadda so da ƙi ke murɗa abin da ido ya gani ne.

Georges Simenon, ɗan Beljiyam mai rubutu da Faransanci, shi ya fi kowa tsallake ma'aunina, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi sun fi mu sa'a a kansa tunda za su karanta shi a harshen da ya rubuta. Littattafai 75 ya yi a kan Kwamishina Maigret na 'yan sandan Faris, daga 1931 zuwa 1972, kowanne siriri, ana gama shi a zama biyu. Maigret ba mai auna tokar taba ba ne irin Holmes. Yakan je unguwar da abin ya faru ya zauna, ya ci abincinsu, ya saurari mai gadi da mai wanki da matar mai shago, har sai ya ji a jikinsa abin da ya matse wani bawan Allah ya kai shi ga kisa. Sau da yawa mai karatu kan rufe littafin yana tausayin mai laifin ba tare da ya wanke shi ba. A fara da Le Chien jaune na 1931, labarin wani garin masunta da tsoro ya kama, da wani kare ruwan ɗorawa da ake gani duk inda masifa ta sauka. Masu Turanci ma ba a bar su a baya ba, Penguin ta sake fassara duka 75 ɗin tun daga 2013. A nan kam, mai son cika kanta ya cika, ba zai yi da-na-sani ba.

Daga Japan, Keigo Higashino ya juya al'amarin a The Devotion of Suspect X na 2005. Tun a babin farko-farko an nuna wadda ta yi kisan: mace ce mai 'ya ɗaya da tsohon mijinta ya hana sakat. Maƙwabcinta, malamin lissafi mai shiru-shiru, ya ɗauki nauyin rufa mata asiri. Tambayar ba wa ya yi ba ce, tambayar ita ce me malamin ya shirya da 'yan sanda suka kasa huda shi, kuma me so zai iya sa mutum ya sadaukar. Masu kallon finafinan Indiya wataƙila sun gamu da labarin a fim ɗin Jaane Jaan na 2023, amma littafin ya fi nauyi a zuciya. Amurkawa kuwa, Dashiell Hammett da The Maltese Falcon na 1930 da Raymond Chandler da The Big Sleep na 1939, ana karanta su ne don harshe da hoton birnin da kuɗi ya lalata. Turancinsu na titi ne, zai wahalar da sabon shiga, a bar su sai an goge. Wanda ke son ganin aikin ɗan sanda na yau da kullum, da gajiyarsa da jiransa, ya nemi littattafai goma na ɗan sanda Martin Beck waɗanda Maj Sjöwall da Per Wahlöö suka rubuta tare a Suwidin daga 1965 zuwa 1975.

Inda nake so kuɗinmu ya fi zuwa shi ne wurin marubutan nahiyarmu, ba don kara ba, sai don abin da suke nunawa babu shi a na waje. A ƙauyen Christie, da zarar an gano mai laifi shari'a za ta yi aikinta. A wurinmu gano shi rabin tafiya ne, saura wa ya tsaya masa. Moussa Konaté na Mali ya kai Kwamishina Habib ƙasar Dogon a L'Empreinte du renard na 2006, inda ɗan sandan da ya yi boko ya tarar da jama'ar da ke da nasu hukunci da nasu shiru, ba mai buɗe masa baki. Kwei Quartey ya yi makamancin haka a Gana da Wife of the Gods na 2009. Jamal Mahjoub, da sunan alƙalami Parker Bilal, ya ƙirƙiri Makana, tsohon ɗan sandan Sudan da ke gudun hijira a Alƙahira, yana kwana a wani tsohon gidan kan ruwa a kogin Nilu, farkon jerin shi ne The Golden Scales na 2012. A gida kuma akwai Easy Motion Tourist na Leye Adenle, wanda Cassava Republic ta buga a 2016, mai zafi ne kuma bai dace da yara ba. Sai Lightseekers na Femi Kayode na 2021, inda masanin halayyar ɗan Adam ke binciken yadda taron jama'a ya kashe ɗalibai uku a wani gari kusa da Fatakwal. Kowa ya ga waɗanda suka yi, har a waya an ɗauka. Abin da ake nema shi ne wa ya kunna wutar, kuma me ya sa mutanen kirki suka bi. Wannan tambaya ce da ta shafe mu kai tsaye, kuma ba ta ƙarewa da rufe littafi.

Yaba littafi irin wannan ga wani yana da ladabinsa. A faɗi wuri, a faɗi mutanen, a faɗi irin yanayin da zai jefa mai karatu, a tsaya nan. Ko cewa ƙarshensa zai ba ka mamaki ɓarna ce, don an riga an sa mutum ya zauna da shiri yana zargin kowa. Haka kuma a dubi wanda ake ba shawarar. Wanda bai jure ganin jini, kada a haɗa shi da Adenle, a ba shi The No. 1 Ladies' Detective Agency na Alexander McCall Smith na 1998, labarin Mma Ramotswe ta Botswana, wadda ke warware matsalolin mutane da haƙuri da sanin halin ɗan Adam. Mai saye shi ma ya yi hattara da bayanin bayan bango da gabatarwar da masana ke rubutawa a sababbin bugun tsofaffin littattafai, da yawansu sukan fasa ƙwan tun kafin a fara. A bar gabatarwa sai an gama. A wurin mai gwanjo kuwa, abin da na koya da tsada shi ne a duba lambar shafin ƙarshe da gefen ido, a tabbata labarin ya kai inda ya tsaya, a kuma bi tsakiya a ga ko ɗinki ya saki.

Tsadar takarda da faɗuwar darajar kuɗi sun sa sabon littafin waje ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu karatu, wannan gaskiya ce. Amma akwai hanyoyi na halal. Ayyukan Poe da Collins da Doyle sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su kyauta a intanet a Project Gutenberg. Abokai biyar za su iya yin adashin littafi, kowa ya sayi ɗaya, kowa ya karanta biyar, kuma ba fannin da ya dace da adashi kamar wannan. Abin da ba na goyon baya shi ne tura kwafin littafin marubuci mai rai a WhatsApp ba da izninsa ba. Christie ba ta bukatar kuɗinmu. Marubucin da ke zaune a Legas ko Bamako ko Kano kuwa, cinikin littafinsa na farko ne ke yanke hukuncin ko za a buga na biyu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi daɗewa a raina. Gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933 ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Wata gasa makamanciyarta a gabashin Afirka ta haifar wa masu Swahili da Mzimu wa Watu wa Kale na Muhammed Said Abdulla, wanda aka buga a 1960, da mai bincikensa Bwana Msa na Zanzibar, wanda ya ci gaba da fitowa a littattafai na gaba har ya zama ɗan gida. Mu ma muna da labaran laifi masu ƙarfi, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, duka na 1982, sun isa shaida. Abin da nake marmari shi ne mai bincike namu da za a riƙa jira littafi bayan littafi, da ƙulli na adalci wanda aka baza alamominsa cikin rayuwar da muka sani.

Kayan aikin kuwa suna nan zube. Ga gidan da namiji baƙo ba ya wuce zaure, ɗan sanda ya tsaya a waje yana tambayar maigida, alhali amsar tana tsakar gida. Wa ke shiga ko'ina ba a yi masa shamaki? Dillaliya, da ungozoma, da mai kitso. Dillaliyar da ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye, da wadda ta sayi atamfar da ta fi ƙarfin mijinta, ta riƙe rabin asirin unguwa a ƙullin zanenta, kuma sana'arta ta koya mata kama baki. Ga mai shayi da ya san wanda bai kwana a gida ba, ga mai unguwa da ya fi son a kashe wuta a rufa asiri, ga kunya da kara da ke hana shaida faɗin abin da ya gani a gaban surukinsa. Ranar da wani ko wata ya zauna ya ƙulla wannan da Hausa, ya bi amanar fannin bai cuci mai karatu ba, kwafi biyu zan saya, ɗaya na kanta, ɗaya na bayarwa aro.